Katin Rigakafin Autar Likita

In aka ambaci Likita a asibitin unguwar, ba shekara ashirin da ya yi yana duba jama'a ake fara tunawa ba. Katin autarsa ake tunawa.

Ranar ƙaddamar da rigakafin ƙyanda na yankin ce. Mata sun cika rumfa maƙil, shi kuma yana riƙe da abin magana yana ta faɗa a kan iyaye masu sakaci. Don ya kafa misali, sai ya zaro katin 'yarsa, wanda ya sura daga durowar matarsa da safe ko buɗewa bai yi ba. Ya miƙa wa wata tsohuwar ungozoma da ke layin gaba.

"Inna, buɗe ki nuna musu yadda kati yake cika."

Ta buɗe, ta kawo shi kusa da ido, ta nisanta shi. "Likita, ai rabin gidajen allurar fayau suke. Na ƙyandar ma babu."

Tsautsayi, bakinta na dab da abin maganar.

Mutum ne da ya faro daga ɗakin duba marasa lafiya mai benci ɗaya da fanka mai kuka. Ya san hawan jinin kaka, ya san tarin jika. Shekarar da amai da gudawa suka ɓarke, shi ya bi gida gida da ƙafa har ya gano rijiyar da ke jawo abin. Daga nan aka ɗora masa lafiyar yankin baki ɗaya, ya koma mutumin firji da akwatin ƙanƙara na adana allurai da babura, kullum yana hanya. Shi ya kafa dokar cewa duk wanda ya makara wajen kawo yaro rigakafi, a tambaye shi dalili a gaban layi, don wasu su ji tsoro.

A gida kuwa, matarsa ta ɗauka tunda maganin a hannunsa yake, zai sa rana da kansa. Shi ya ɗauka ta kai yarinyar tuni. Nas ɗin da ta lura kuma ta ga ba girmanta ba ne ta tuna wa shugaba aikinsa.

Ranar taron, ya koma gida kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Abin da ke cin ransa, wa zai ƙara jin maganarsa gobe? Har ya fara rubuta takardar ajiye aiki.

Matarsa ta leƙa ta kafaɗarsa. "Baban yara, takardar nan ce za ta yi mata allurar?"

Washegari ya saɓa yarinyar a kafaɗa, ya bi layi a asibiti, shi kaɗai namiji a benci. Nas ta yi masa alama ya shigo ta gefe, ya girgiza kai. Da aka zo kansa, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Tambaye ni," in ji shi. "Doka ce."

"Ranka ya daɗe... me ya hana a kawo ta?"

"Sakaci."

Wata daga baya ta ce, "Ɗaga murya, Likita, mu ma haka ake sa mu!"

Aka tuntsire da dariya. Amma kafin mako ya ƙare, katunan da aka ɓoye a ƙasan akwati don gudun tozarci sun yi ta fitowa. Tunda Likita ma ya sha kunyar, ai kowa zai iya sha. Da ya ga yawansu, ya gane dokarsa ce ta sa aka ɓoye su. Ya soke dokar da hannunsa.

Yarinyar ta girma lafiya lau. Ƙanwar matarsa ce dai ba ta gajiya. Duk zuwanta sai ta ce, "Yaya, a kawo kati mu duba?"

Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Ki bar ni da kunyata. Ƙauye ɗari na haddace da yaransu, amma wadda ke barci a ƙirjina sai da ungozoma ta nuna min ita."