Cizon Ba-komai

Wata goma sha ɗaya ban rubuta ko kalma a nan ba. Wasu sun ce an kama ni saboda aikin jarida, wasu sun ce na gudu Kano. Ko ɗaya. Jinya na yi, kuma ni na jawo wa kaina.

Karnuka biyu nake da su a gidana na unguwar Federal Low-Cost, uwa da ɗanta. Ɗan sunansa Duna. Uwar kuwa na bi al'adar mahaifina, makiyayi, wanda ba ya sa wa kare suna sai da magana a ciki. Na sa mata Ba-komai, domin a shekarun nan da bam ke tashi a tasha, abin da muke ce wa juna ke nan a waya.

Da na mayar da iyalina ƙauye saboda tsoro, su biyun ne suka rage mini.

Allurar haukan kare ta shekara ta zo, na ɗaga. Ga shingayen bincike, ga masu keke ba sa ɗaukar kare. Na ce sai gari ya lafa. Ana haka wani baƙon kare ya yage wa Ba-komai kunne a bakin ƙofa.

Bayan makonni ta daina cin abinci, ta koma ƙarƙashin mota. Wata safiya na sunkuya in jawo ta, ta kafa mini haƙora a ƙwauri.

Na san abin da ya kamata. Na taɓa rubuta rahoto a kansa. Amma na san in maƙwabta suka ji, sanduna za su fito. Sai na kulle ta a sito da ruwa da abinci, na ɗaure ciwon, na sa dogon wando.

Kwana uku ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya kwantar da ni. Rifkatu, abokiyar aikina, ta zo neman wani rahoto ta same ni a ƙasa. Ita ta kai ni asibiti. Kafin ranar ba ta taɓa shiga gidana ba, Duna kuma yana ɗaure a bayan gida, ba ta san ina da kare ba.

Daga baya ta ba ni labarin yadda muka yi da likita.

"Malam Buba, me ya ji maka wannan ciwon?"

"Ba-komai."

"Ƙarfe ne? Ko faɗuwa ka yi?"

"Ba-komai," in ji ni, har ina fushi.

Wurin ya ruɓe, ba a ganin sawun haƙori. Suka wanke, suka ɗibi jini, suka ɗaura ƙarin ruwa, suka shiga yi mini maganin ciwon da ya harbu. Kwana biyu ina faɗa musu gaskiya, suna yaba haƙurina.

Yayata, Adda Hauwa, ita ta warware. Ta iso daga Kumo, ta biya gida ɗauko mini kaya, wari ya kai ta sito. Ba-komai ta mutu, bayan ta ciji ƙofar har katakon ya zube. Ihun Adda ya tara maƙwabta. Duna bai ciji kowa ba, amma sun kashe shi a ranar, a ɗaure.

Adda ta shigo ɗakin jinya ko sallama babu.

"Likita, karyarsa ce Ba-komai! Sunanta ke nan!" Ta juyo kaina. "Kai kuma, mai ilimin banza. Baba ma da bai shiga aji ba ya fi ka hankali."

 Likitan ya ce, "Yau kwana nawa?" Aka ce biyar. Ya ce, "Za mu fara allura yanzu. Ba zan ɓoye maka ba, in alamu suka fito, babu magani."

Babu allurar a asibitin. Rifkatu ta zaga shagunan magani huɗu kafin ta samu, da tsadar da ta sa Adda salati. Aka yi mini ita a kafaɗa, rana-rana bisa tsari, har wata ya kusa cika.

Ƙafa ta warke aka sallame ni. Nan ainihin jinyar ta fara.

Alamar da aka fi sani ita ce mutum ya kasa haɗiyar ruwa. Kullum da safe sai in cika kofi in zauna ina kallonsa. In na haɗiye, na samu yini ɗaya. In tabon ya yi ƙaiƙayi, in rubuta wasiyya. Na rubuta uku. Na hana 'ya'yana zuwa. Gidan shiru, ba haushi, kwanonsu biyu na nan inda suke.

Makon jiya likita ya ce in saki raina, na tsira. Na yi godiya, amma ban ji murna ba. Dabba biyu da suka amince da ni sun mutu saboda abin da na ɗaga.

Yanzu duk Asabar ni da wani likitan dabbobi muna zaga unguwannin Barunde da Madaki, muna yi wa karnuka allura kyauta, da sunan su biyun. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗan nan, mutane na mutuwa, kai kana yi wa kare sadaka?" Na ɗage wando na nuna masa ƙwaurina. Sai ya aika aka kawo nasa.

Na gode wa Allah. Rifkatu, Adda, likitana da ma'aikatan jinya, Allah ya saka da alheri.

In kare ya cije ka, ko naka ne, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, ka daɗe kana wankewa. Tafi asibiti a ranar, ka faɗa da bakinka cewa kare ne. Kada ka jira zazzaɓi.

Wanda kuma ke da kare yana jin kunyar a gan shi da shi a hanya, ya bar mini saƙo. Za mu zo har gida, ba sai kowa ya sani ba.