Ruwan Da Na Ƙi Sha A Hanyar Alkalawa

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku na "ina kika shige?" Ban amsa ba saboda a asibiti nike, kuma abin da ya kwantar da ni yana da nauyin faɗi. Yau dai za ni daure.

Ƙungiyar tarihi ta makarantarmu ce ta shirya tattaki, maza da mata, daga kufan Alkalawa mu bi tuddai da duwatsun da aka ce mutane sun bi suna gudu sa'ad da birnin ya faɗi. Jagoranmu wani tsoho ne, Baba Nomau.

Ni kam baki har kunne don murna. Ina tafe ina saƙa labari a raina: wai ni ce budurwar da ta tsere, masoyina yana baya yana nemana.

Amma kun san yadda fari ya yi mana bana. Dajin fayau yake, babu ciyawa, babu ganyen da mutum zai fake. Sai na tuna in na sha ruwa dole fitsari ya kama ni, in ce wa malami namiji a tsaya, ga maza suna ji. A littattafan da nike karantawa ban taɓa ganin inda jaruma ta ce a jira ta za ta kewaya ba.

Don haka na ƙi sha. Tun safe har la'asar gorata cike.

Ciwon kai ya fara, sai jiri. Ina jin Baba Nomau yana nuna wani kogo, daga nan ban san komai ba.

Da na farfaɗo anka kai ni gida, na yi ta amai. Fitsari ya koma ja, ɗan kaɗan, daga baya ya ɗauke. Ƙafafuna sunka kumbura. Asibitin garinmu sunka sa mini ƙarin ruwa, sunka ce mu wuce Sakkwato. Babana ya sayar da ragonsa na layya munka tafi.

Can anka ɗebi jinina, anka sa mini robar fitsari. Likita ta ce ƙodata ce ta galabaita, in ba ta farfaɗo ba sai wankin ƙoda. Na ga Inna ta juya fuska bango.

Kullum da safe nas ta zo ta ɗaga jakar da fitsarin ke taruwa ta duba. Ni da ba ni iya furta kalmar fitsari, ga dangi duka suna bugo waya: "Ya zo? Da yawa?"

Da likita ta ji dalilina, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ƙanwata, ba ke ce ta farko ba. Kusan duk zafi sai an kawo mini irinki."

Inna ce ba ta ƙyale ni ba. "Ke Nana, kunyar mi? Su mazan ba su yi?"

Wata safiya jakar ta cika. Inna ta yi sujada a tsakar ɗaki. Gwaji ya yi ta kyau har anka sallame mu, ba a kai ga wankin ba.

Da munka dawo Baba Nomau ya zo gaishe ni. Ya ce laifin har da nashi, don ya bar rabin labarin. Kakarsa ta gaya masa matan da sunka gudu suna da tsohuwa a bayansu, in ta ce a tsaya, kowa sai ya tsaya ya juya baya. "Diyata, da dawakai bayansu fa. Ke wa ke korar ki?"

Alhamdulillahi, yanzu ina cin tuwona, ina kwance ina karatuna. Na gode wa likita da nas-nas, da Baba da Inna, da ku masu addu'a. Allah shi saka.

Malamai, in za ku fita da ɗalibai mata, ku tafi da malama, ku tsaya ba sai an roƙa ba.

'Yan'uwana mata, ku sha ruwa. In fitsari ya ragu ko ya canza launi, a je asibiti ranar. In kuma ya matse ku a hanya, ku ce a tsaya. Za a tsaya.