Wayar Inna a Bakin Ruwa

Da albashina na farko na koyarwa a Yelwa na saya wa Inna babbar waya. Sana'arta bandar kifi ce, a ƙauyenmu na bakin ruwa wajen Ngaski.

Wata Asabar na je gida, na tarar da ita a gaɓa cikin abokan sana'arta, ta ɗaga wayar tana auna ruwa, alhali babu komai a kansa. Na ga za ta ba ni kunya. Na fizge wayar, na ce da ƙarfi, "Inna, ba haka ake ɗaukar hoto ba!"

Ta karɓi abinta, ta buɗa yatsu biyu a kan gilashin. Sai ga jirgin Baba daga can nesa ya matso a fuskar wayar, bakinsa dab da ruwa saboda nauyi.

"Yau akwai kifi," ta ce wa matan. "A je a hura wuta."

Sannan ta dube ni. "Tun bara idona ya daina kaiwa can, Malam. Ba ka tambaya ba."

Ba ta taɓa kirana Malam ba sai ranar.