Dattijon 'Yandoto da Kwamfutar Malam

A ƙarshen shekarun 1990 ina karatun koyon malanta a Gusau, a ajin da ake yi Asabar da Lahadi. Yawancin 'yan ajin malaman firamare ne da aka ce su kawo takardar shaida ko su bar aiki. Daga Tsafe da Bungudu suke zuwa a motar haya, wani lokaci damina ta tare su a hanya. Ni daga Furfuri nake zuwa, kuma ba na magana sai an tambaye ni.

Malaminmu na labarin ƙasa ya gaji da maimaita darasi ga waɗanda ba su zo ba, sai ya kawo kwamfuta ofishinsa. Ya ce zai zuba darussan duka a ciki, wanda ya rasa wani a buga masa. Da ya ga yadda nake ja layi da rula a littafina, sai ya damƙa mini aikin jera su.

Abin ya ɗaure mini kai. In buɗe jaka, wato folda, a jikin gilashin kwamfutar, in raɗa mata suna, in buɗe wata a cikinta: ruwan sama nan, duwatsu can. Wuta na ɗaukewa komai ya ɓace, tana dawowa ga su nan yadda na bar su. Na taɓa leƙawa ta ramukan bayan akwatin ko zan ga inda rubutun yake kwana. Ƙura na gani da wata 'yar fanka.

Kowa ya karɓi takardunsa sai mutum ɗaya, wani dattijo daga 'Yandoto wanda ya fara koyar da yara tun ba a haife ni ba. Jinyar matarsa ta hana shi zuwa makonni, ga jarrabawa ta matso. In ya faɗi, aikinsa ya tafi.

Na same shi a gindin darbejiya na durƙusa.

"Baba, ga naka na bugo."

Bai miƙo hannu ba. "Wa yab biya maka wanga karatu?"

"Malam ne ya rubuta."

"Ban tambaye ka wa yar rubuta ba, ɗana."

Wani ɗan ajinmu daga Tsafe, sarkin tsokana, ya ce, "Baba, tashi ka je ka gurfana gaban kwamfutar ta biya maka. Ka riƙe mata goro."

Dattijon ya ce, "Kai ka je, tunda kanku iri ɗaya ne, wuta na ɗaukewa komai ya zube."

Aka kwashe da dariya. Da ta lafa sai ya ce da ni, a garinsu ba a ɗaukar littafi a ce an karanta. Sai ka zauna gaban malami ya karanta da bakinsa ka bi, sannan karatun ya zama naka. Takardar da ba ta bi ta bakin kowa ba, in ji shi, ba ta zama a ƙirji.

Na koma da takardun ina juya maganar. Na daɗe tsaye a ƙofar ofis kafin Malam ya ɗago ya gan ni. Na faɗa masa abin da dattijon ya ce. Ya yi dariya. Sai ya ce mahaifinsa ma haka yake, ya karɓi takardun ya fita.

A kan bencin da ke gindin darbejiyar ya zauna kusa da dattijon. Ya karanta farkon kowane darasi a hankali, dattijon na bin sa ƙasa-ƙasa yana gyaɗa kai, har da wurin da ake bayanin yadda hadari ke haɗuwa. Da suka gama dattijon ya sa hannu biyu ya karɓa, ya yi wa Malam addu'a, ya naɗe takardun cikin rawaninsa don kada ruwa ya taɓa su.

Ya ci jarrabawar, ya koma ajinsa a 'Yandoto.

Yanzu a intanet nake jera wa ɗalibaina darussa, jaka cikin jaka, wasunsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. A saman kowane darasi nakan ɗora muryata ina karanta farkonsa. Har yau ban san su nawa ke bi na ƙasa-ƙasa ba.