Bangon Jerena

Shekara talatin da ɗoriya jerena yana bangon gabas na ɗakina. Tasoshin da uwata ta ba ni suna sama, langogi da fantekoki a ƙasa, kowanne da mazauninsa. Duk gabanin sallah sai in sauke su in goge da toka, a shafe bangon da farar ƙasa, in mayar. Ko da ido rufe na san in an taɓa guda.

Bayan rasuwar maigidan, babban ɗana ya dawo daga kwas ɗin aikin gona a ƙasar Amurka, ya ce zai gyara gida. Ɗakina ne mafi girma, sai ya ce in koma na kusa da rijiya kafin a gama siminti. Na sauke jeren da hannuna, na zuba a buhuna, na tura ƙarƙashin gado. Ɗakin da na koma ƙarami ne, bangonsa kuma yana tsattsafo da damina.

Da aka gama na leƙa. An sa kujeru. A bangon gabas kuwa hotuna ne guda shida cikin gilas, wasu ƙarti da hular hana-sallah, kowa ya ɗaga kulki kamar zai kashe maciji, ɗaya da ƙatuwar safar fata a hannu guda. Launinsu duk ya koɗe.

Na ce, "Kai, su wane ne waɗannan? Dangin wa?"

Ya yi dariya. "Inna, 'yan wasan ƙwallo ne na can. Na da ne, tun kafin a haife ni."

"Ka san su?"

"A'a. Tara su ake yi. Ki ga yadda suka yi kamar tsofaffi? Da gangan aka buga su haka. Tsufan shi ne kyansu."

Na dube shi da kyau. Na ce, "To, nawa tsofaffin na gaske ne, ba da gangan ba. Yaushe za a mayar?"

Ya sosa ƙeya. "Inna, falo ne yanzu. Baƙi suna zuwa."

Baƙin kuwa sun zo. Ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, ina jin abokan aikinsa suna tambaya, shi yana bayani da Turanci. Wata rana wata 'yar garin Salka da ke kawo mana dawa ta leƙa ta taga, ta ce da Hausarta, "Hajiya, waɗannan masu sanda, shanunsu ina?" Ban yi dariya ba.

Sau biyu na ƙara yi masa maganar. Na biyun har na rage, na ce rabin bango ya ishe ni. Ya ce za a duba. Ban sake ba, don ban saba roƙon abin da yake nawa ba.

Damina huɗu kayan jeren suka yi a buhu. Da bikin jikata ya taso na ce bari dai su shiga ɗakin wata. Na jawo buhunan, sai ga tsatsa ta cinye gindin langogin, har haske na ratsawa. Uwar amarya ta ɗaga guda da yatsu biyu ta ce, "Ayya, Inna, ai yanzu tangaran ake sawa a kabad."

Masu ɗan dama-dama a ciki, matar ɗana ta kwashe su zuwa bayan gida. A cikinsu ake zuba wa agwagi dusa.