Ruwa a Murfin Tukunya

Ni mutumin lambu ne, matata kuwa, Allah ya jiƙanta, ta agwagi ce. Rabin faɗan da muka yi a ɗan gidanmu na Ƙofar Dundaye a kan wannan ne. Filin bayan ɗaki bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. In shuka latas da alayyafo da sure, agwaginta su bi su tsinke kamar don su na shuka. Ta sha roƙona in bar mata fangali ɗaya su riƙa walawa, ina cewa sai dai bayan raina.

Kaza take sa wa ƙwan agwagin ta kwanta a kai, don iyayen ba su da haƙurin kwanci. In 'yan tsakin sun fito, a murfin tukunya take zuba musu ruwa, wanda ko ƙafarsu ba ya rufewa. Nakan yi mata tsiya in ce agwagwa ce fa, ba tantabara ba, wannan rowa har ina? Ita dai sai ta yi murmushi ta ci gaba da aikinta.

Bayan rasuwarta agwagin suka yi ta bin ta ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshen, Keke Napep ya take ta a ƙofar gida. Ƙwai tara ta bari a gindin randa, kuma su ne kaɗai abu mai rai da ya rage mini na matata. Na sa wa kaza, na yi ta leƙe fiye da wata guda. Bakwai suka fito, rawaya, suna bin kazar suna tuntuɓe. Ranar na ci abinci da marmari, karo na farko tun arba'in ɗinta.

Bazara ce, zafin Sakkwato na dukan kai. Wata Jumu'a na tumɓuke latas ɗin fangalin nan da na hana ta, na haƙa rami na binne babban baho, na zuba ruwa jarka biyu. Na ɗauke su ɗaya-ɗaya na saka, suka hau iyo da murna. Na tafi masallaci ina jin na biya ta haƙƙinta.

Da na dawo kazar na zagaya bahon tana kuka. Duk bakwai ɗin suna kwance a saman ruwa, gashinsu ya manne da jiki.

Tsohuwar maƙwabciyarmu, ƙawar marigayiya, ta leƙo ta katanga ta daɗe tana kallo.

"Malam, mi kay yi haka?" ta ce. "Ɗiyan da kaza taƙ ƙyanƙyashe ba su da mai ga gashi. Uwa agwagwa ka shahwa musu. In sunka jiƙe, nauyi su kai. Ba ta taɓa hwaɗa maka ba?"

Ban taɓa tambaya ba, shekara da shekaru ina tsaye a kanta ina dariya.

Na binne su a ramin bahon. Ban sake shuka komai a wurin ba, sauran fangalin ma na bar su sun bushe, don ba na son zuwa bayan ɗakin. Murfin tukunyar yana nan jingine a gindin randa, inda ta bar shi. Ranar da na haƙa ramin nan, na yi ta wucewa ta gaban murfin.