Filashin Da Nake Cusawa Lokacin Azahar

A lokacin ina budurwa, ban daɗe da gama difloma a fannin kwamfuta ba, kaina kuwa ya fi ƙarfin ɗankwalina. Na samu aikin shigar da bayanai a wani ƙaramin kamfanin rarraba magunguna a Gwale. Dokar wurin ita ce ba mai hawa intanet sai ya sa sunansa da lambar sirri, kuma an toshe duk shafukan bidiyo. Ni kuma ina son koyon yin kek ta hanyar kallon bidiyo. Ban jima ba na gano cewa shingen nasu a cikin Windows kaɗai yake. In na cusa filashi mai ɗauke da Ubuntu, wani tsarin kwamfuta daban da Windows, na tayar da kwamfutar daga kansa, sai intanet ya buɗe ba tambayar suna.

Lokacin da ya fi min daɗi shi ne Azahar, in kowa ya fita salla. Da farko sai ina fashin salla nake yi. Da abin ya shiga jikina, sai na riƙa cewa ina fashi ko da ƙarya ne. Mutum ɗaya ke zama tare da ni, wata abokiyar aikinmu Kirista, bazawara mai 'ya'ya biyu. Tana cin abincinta tana ganina, ba ta taɓa tanka min ba.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wata safiya manaja ya tara mu, ya ce mai kula da kwamfutoci ya ga baƙon tsari yana hawa layin kamfani kullum da Azahar, kuma yana tsoron bayanan kwastomomi ake kwashewa. Ya ce kowa ya san wanda ba ya zuwa masallaci. Idanu suka koma kan abokiyar aikin nan tamu Kirista. Filashin kuwa yana cikin jakata a kan cinyata. Ya tambaye ta ko akwai mai zama tare da ita. Ta dube ni, ta kau da kai, ta ce ita ba ta ƙirga sallar mutane. Na buɗe baki, sai na tuna in na yi magana, a gaban maza zan amsa cewa har da salla na yi ƙarya. Kunya ta rufe min baki. A ranar aka sallame ta.

Na yi ta fama da zuciyata kafin na je na faɗa wa manaja gaskiya. Ya ce in ajiye katin aiki, kuma na cancanta. Ya kira ta ta dawo, ta ce ba za ta zauna inda aka yanke mata hukunci kafin a yi bincike ba. Ni ma na kira ta ina kuka. Ta ce ta yafe, amma a ranar da aka tara mu ta jira in yi magana.

Har yau maganar nan tana cina. Na ɗauka na'ura na yi wa wayo, ashe sunana da na ɓoye wani za a sa a gurbinsa, kuma wanda ba shi da mai tsaya masa ake fara sawa. 'Yan'uwana ma'aikata, in dokar ofis ta matse ku, ku nemi izini. In kuma kun riga kun yi, ku yi magana tun mutumin yana tsaye a ɗakin.